Waziri Zailani da Bangon Ƙofar Fada

A zamanin da, tun ana auna girman gari da kaurin ganuwarsa, an yi wani Sarki ana ce da shi Mamuda, wanda tsufa ya zo masa da wata cuta da ba ta jin saiwa, ba ta jin rubutu. Cutar kuwa begen gida ce. Domin garin da yake sarauta a ciki ba nan aka yanke cibiyarsa ba. A Tsohon Birni aka haife shi, can gangare bakin gulbi, kuma yana saurayi gulbin ya yi wata irin cika ya cinye birnin har da fada. Mutane suka kwashi 'ya'yansu da abin da hannu ya iya ɗauka, suka hau tudu suka kafa sabon gari. Garin ya yi albarka, kasuwa ta cika, rijiyoyi suka kawo ruwa. Amma je ka ji tsofaffin garin in sun zauna gindin ɗurumi. Wai ruwan Tsohon Birni ya fi daɗi, wai furar can ta fi gardi, kai, har inuwar can wai ta fi sanyi. Tsofaffi ke nan, ka bar su da halinsu.

Abin da ya fi tsaya wa Sarki a rai shi ne bangon ƙofar fadar mahaifinsa. Bango ne da aka yi wa zanen laka tun daga ƙasa har zankwaye, aka shafe shi da makuba har yana ƙyalli, baƙo in ya iso gabansa sai ya manta abin da ya kawo shi. Ran nan fada ta cika, Sarki ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Jama'a, ba na neman doki, ba na neman ƙarin ƙasa. Abu guda nake so kafin in koma ga Ubangijina: in fito ƙofar gidana in ɗaga kai in ga bangon da na tashi ina gani. Wanda ya mayar mini da shi ya gama mini komai. Amma na san halin masu neman suna. Duk wanda ya zo mini da aikin da ba nasa ba ya ce nasa ne, zai bar mini ƙasata, shi da iyalinsa."

Fadawa suka ɗauka, "An gaishe ka, Zaki! An ji, an karɓa!"

Karɓa a baki ba wuya. Maginan da suka yi wancan bango duk ƙasa ta rufe musu ido, waɗanda suka gaje su kuwa a kan tudu aka haife su, labarin bangon kawai suka sha. Sarkin Magina, wani bawan Allah mai suna Cindo, ya tara mutanensa suka yi iya yinsu. Aka kira Sarki ya duba, ya ce, "Allah ya yi albarka, Cindo, aiki ya yi kyau. Amma ba shi ba ne." Aka kankare, aka sake, aka kuma kankarewa. Tun Sarki yana fitowa dubawa har ya daina. Abinci ya fita ransa, akushi yadda aka kai haka ake ɗauko shi, riga ta fara yi masa yawa.

To, a duk faɗin ƙasar mutum ɗaya ne ke riƙe da zanen nan a kansa, layi bayan layi, kuma shi ne na ƙarshen wanda za a zata. Waziri Zailani ne, dattijo mai farin gemu, mai tattausar murya, wanda in ya buɗe baki a fada ko tari ba a yi. Mahaifinsa babban bafade ne, amma mahaifiyarsa 'yar magina ce, kuma ubanta, tsoho Jibo, shi ne ya zana bangon da ake ta bege. Zailani yana ƙarami ba shi da wurin zuwa sai gidan kakan nan. Can ya koyi cuɗa laka da ƙafa, ya koyi jan layi da ɗan yatsa tun yaɓe bai sha iska ba. Wata rana ya yi ɗan zanensa a jikin rumbu, ya ruga da murna ya jawo mahaifinsa ya gani. Uban ya zo da abokansa, suka duba, suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Bayan baƙi sun tafi aka sa masa tsumagiya a hannu. Tsumagiyar ya manta da ita tuni, amma dariyar nan har ya yi furfura tana kunnensa.

Ga kuma doka. A ƙasar nan, tun kakanni, duk mai rawanin sarauta da aka gani ya sa hannu cikin laka a bainar jama'a, a take ake warware masa rawani. An ce wani sarki ne ya kafa ta don kada masu sarauta su ƙwace wa talakawa sana'a, amma da tafiya ta yi tafiya sai ta koma raini tsagwaro. Saboda haka Waziri ya keɓe wani ɗaki can ƙuryar gidansa. In duniya ta dame shi sai ya shiga ya tuɓe babbar riga, ya jiƙa bango, ya zana abin da ya zana, ya zauna ya ƙare masa kallo, sannan ya shafe. Ba wanda ya taɓa ganin aikin sai matarsa Tasalla, wadda tare suka tsufa.

Ita ce ta tare shi wata safiya yana shirin tafiya fada. Ta ce, "Maigida, tsakaninka da Allah, Sarki yana ta ramewa kana kallo? Maganin yana ɗakin can, kullum kana shafe shi da tafin hannu."

Ya ce, "Ke Tasalla, rufa mini asiri. Kina so in hau tsani da tsufana, Galadima yana ƙasa yana dariya? Rawanin da na ɗauka tun gemuna baƙi, in zubar da shi a kan laka?"

Ta ce, "Ni dai ban ga rawani a kanka ba in kana ɗakin can, kuma nan ne kaɗai nake jin kana waƙa."

Ya yi tsaki ya fita, amma maganar ta bi shi har fada. Da ya ga yadda Sarki ya zauna ido ya zurma, tausayi ya kama shi, don tare suka yi wasan ƙasa. Sai ya yi abin da waziri ya iya, wato dabara. Ya kira Cindo gefe ya ce, "Zan gaya maka magana, amma sai ka rantse ba za ta fita ba." Cindo ya rantse. Waziri ya ce, "Za ka kewaye bangon da zana, yadda kuka saba. Ni zan riƙa shigowa da sunan duba aiki. In rana ta take ka sallami yaranka su je cin abinci, ka bar ni da bangon. Hannu nawa, suna naka."

Cindo ya zaro ido. "Ranka ya daɗe, ka manta abin da Sarki ya ce game da mai aron aiki? Ina da iyali fa."

Waziri ya ce, "Wa zai sani? Daga ni sai kai sai Allah."

Talaka bai iya musu da Waziri ba, ga shi kuma ya riga ya rantse. Haka aka fara.

Allah Sarki, hannu ba ya mantuwa. Da Waziri ya dafa ɗanyen yaɓen nan, ƙanshin jiƙaƙƙiyar jar ƙasa ya bugi hancinsa, sai ga Tsohon Birni ya dawo masa ɗungurungum. Ya tuna 'yan matan da ke hawowa daga gulbi da tuluna, da makafin da ke zama gindin bangon suna waƙa, da tsoho Jibo a kan tsani, goro a kumatu, yana yi masa tsawa wai ya sa ruwa ya yi yawa. Ya ja sarƙar da ta zagaye ƙofa, ya fitar da ganyen dabino a kafaɗun bango, ya jera taurari a ƙarƙashin zankwaye. Wani lokaci yana aiki hawaye na bin gemunsa, shi bai ma sani ba. Cindo yana miƙa masa laka yana kallo baki buɗe, har ya manta tsoron da yake ji.

Aiki ya kammala, saura wuri guda. Daidai saman ƙofa akwai wani fili kamar faɗin faifai, wanda maginan Tsohon Birni ke kira cibiyar zane. Al'adarsu ce ba a cike ta a bayan zana. Sai ranar buɗewa mai aikin zai hau tsani a gaban kowa, ya ƙulla dagin ƙarshe da ɗanyar laka, kowa ya ga hannun da ya yi sauran. Al'adar ta nutse tare da birnin, ba a ƙara yin ta a kan tudu ba. Waziri ya ɗebi laka ya hau zai cike wurin a ɓoye, sai hannunsa ya ƙi. Ya sake ɗagawa, ya ji kamar tsoho Jibo yana tsaye bayansa yana kallonsa. Ya sauko yana haki ya ce, "Cindo, hau ka yi ɗan wani abu a wurin."

Cindo ya ja da baya. "Ranka ya daɗe, ka yi mini rai. Na ɗauki sunan, amma in sa hannu in rufe zanen wani? Ko ubana bai taɓa yi ba."

Waziri ya ce, "To, shafa masa farar ƙasa ka bar shi. Wa ya rage mai tuna wannan al'ada?"

Ashe akwai. Galadima Arzika, wanda ya daɗe yana hangen kujerar Waziri, ya lura da jar ƙasa a ƙarƙashin farcen Wazirin ranar da suka haɗa hannu a akushi. Ya dai yi murmushi ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ranar buɗewa, tun hantsi dandali ya cika ya batse. Tsofaffin da suka daina fita ma aka riƙo su aka kawo. Aka fito da Sarki yana dogara sanda. Da aka kwance zana ta faɗi, sai kowa ya zuba wa bangon ido. Can wata tsohuwa ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo Allah, gidanmu!" Shi ke nan sai koke-koke. Wannan ya nuna kusurwa ya ce a nan ubansa ke ɗaure jaki, waccan ta ce a gindin ganyen dabinon can mijinta ya fara yi mata magana. Sarki ya saki sanda ya tako da ƙafarsa har gaban bango, ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne."

Waziri yana tsaye bayansa, zuciyarsa kamar ta fashe don daɗi, fuska kuwa ya ɗaure ta tamau kamar bai san zancen ba.

Sai Galadima ya matso ya durƙusa. "Allah ya ja zamanin Sarki, aiki ya yi. Sai dai na ga an bar cibiya fara. Ko Zaki ya tuna yadda ake yi a Tsohon Birni?"

Idon Sarki ya yi haske. "Af! Galadima, Allah ya yi maka albarka, ka tuna mini. A kawo tsani, a kawo laka. Cindo, hau ka ƙulla dagin a gabanmu, yadda iyayenmu ke yi."

Aka jingina tsani, aka ajiye kwandon laka. Cindo ya tsaya kamar an dasa shi. Sarki ya ce, "Hau mana." Cindo ya zube ƙasa ya ce, "Zaki, ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba? Kai da ka yi wannan duka?"

Cindo ya sunkuyar da kai.

Galadima ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mai aiki ba ya tsoron cibiyar aikinsa. Wannan aron hannu ya yi."

Fuskar Sarki ta sauya. Ya ce, "Cindo, aikin wane ne?"

Cindo ya ce, "Zaki, na yi rantsuwa. A yi mini abin da za a yi."

Sarki ya ce, "To, ka ji abin da na faɗa tun farko, ba kuma zan tauna magana biyu ba. Dogarai, ku raka shi gida ya kwashi iyalinsa."

Dogarai suka kama kafaɗun Cindo. Matarsa ta fasa ihu daga cikin taro. Shi kuwa ko sau ɗaya bai waiwayi Waziri ba, kuma rashin waiwayen nan shi ya fi yi wa Waziri ciwo. Waziri ya dubi tsani, ya dubi dubban idanun da ke dandalin. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka tura shi sulhu sansanin abokan gaba. Yana iya yin shiru ya koma gida da rawaninsa, ba mai tuhumarsa. Amma ga mutum ana ja a ƙasa saboda ya riƙe masa amana.

Ya ce, "Ku sake shi." Muryar ta fito 'yar siririya, ba wanda ya ji. Ya gyara murya ya ɗaga ta. "Na ce ku sake shi! Allah ya ja zamanin Sarki, Cindo bai ari hannun kowa ba, ni na ari sunansa. Aikin nawa ne. Ni jikan Jibo magini ne, a gindin tsaninsa na koya."

Kafin kowa ya ce wani abu, ya kai hannu ya warware rawaninsa da kansa, ya naɗe shi ya ɗora a hannun Cindo. Ga sanƙo fayau a rana, ga 'yar furfura a gefe. Ya tuɓe babbar riga, ya rage daga shi sai 'yar shara. Wasu samarin fadawa suka fara ƙunshe dariya, ta kuwa kuɓuce musu. Waziri ya ji ta sarai, irin waccan ce ta jikin rumbu, ba ta canza ba. Ya runtse ido, ya cusa hannu cikin kwandon laka har wuyan hannu, ya kama tsani.

Ya hau mataki bayan mataki. Da ya kai sama ya dafa bango, sai tsoron ya sake shi. Ya mulmula laka ya ja ta, ya shigar da layi ƙarƙashin layi, ya fito da shi ta sama, ya lanƙwasa ya mayar, har bakin zaren ya haɗu da mafarinsa, ba a gane inda aka fara. Tun ana dariya har aka koma jin numfashin juna. Da ya shafe gefen da babban yatsa ya sauko, ya tsaya gaban Sarki kai ba rawani, hannu duk laka, bai san abin da zai biyo baya ba. Sai wata guɗa ta tsaga dandalin daga ɓangaren mata. Ko bai waiwaya ba ya san muryar Tasalla ce.

Galadima bai bari guɗar ta sauka ba. "Zaki, kowa ya gani da idonsa. Doka ta ce mai sarautar da ya taɓa laka a bainar jama'a ya rabu da rawani. Ba ni na kafa ta ba."

Sarki bai ko dube shi ba, bangon yake kallo. Can ya ce, "Waziri, aikinka da saura."

Waziri ya ce, "Ina ne, ranka ya daɗe?"

Sarki ya nuna ƙasan bango, hagu da ƙofa. "A nan akwai sawun hannun yaro. Ka manta?"

Waziri ya ce, "Ban manta ba, Zaki. Na ɗauka ɓarnar wani ɗan banzan yaro ce, shi ya sa na bar ta."

Sarki ya yi dariya, dariyar da aka daɗe ba a ji ba, har da tari. Ya ce, "Ɗan banzan yaron ga shi a gabanka. Na faki idon kakanka na danna hannuna a ɗanyen yaɓe, ya biyo ni da ludayin makuba har cikin gida. Washegari na zo na tarar bai shafe ba, har ya zagaye shi da ɗan layi. Duk bangon nan, wurin nan nake fara dubawa in na fito." Ya juya ya ce, "Cindo, yaɓa mini ɗanya a nan."

Cindo ya yaɓa. Sarki ya tattare hannun rigarsa, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ya danna tafinsa cikin laka ya daɗe bai ɗaga ba. Da ya ɗaga ya dubi sawun, ya ce a hankali, "Ya fi na da girma." Hawaye suka zubo masa, bai kuwa share ba.

Sannan ya miƙe ya ɗaga hannun sama, laka na ɗiga. "Galadima, ga mai sarauta ya taɓa laka a bainar jama'a. Matso ka warware mini nawa."

Galadima ya zube yana, "Tuba nake, Zaki, tuba nake!"

Sarki ya ce, "Dokar nan an kafa ta don a kare masu sana'a, ba don a raina su ba, yau ta ƙare. Cindo, ka zaɓi kora a kan ka karya rantsuwa, daga yau wurin zamanka a fada kusa da ni yake. Kai kuma Waziri, ka yaudare ni, ka kusa sa na zalunci bawan Allah, ba za ka tafi haka ba. Hukuncinka, ka koya wa maginan garin nan zanen nan kaf, a fili, ba a bayan zana ba, don kada ya sake mutuwa da mutum ɗaya. Galadima tunda ya fi kowa tuna al'adun magina, shi zai riƙa kula da kawo muku ruwa."

Dandali ya ɗauki sowa. Sarki ya karɓi rawanin daga hannun Cindo. Wani bafade ya rugo da buta don ya wanke hannu tukuna, Sarki ya ture butar. Haka ya naɗa wa Waziri rawaninsa da hannu mai laka, kowane zagaye yana barin jan sawun yatsu a kan farin ƙyalle. Waziri ya durƙusa zai yi godiya.

Sarki ya dafa kafaɗarsa ya ce, ƙasa-ƙasa yadda su biyu kaɗai za su ji, "Haba Zailani. Shekara da shekaru muna zaune tare, gidanmu yana cikin hannunka, ka bar ni ina ta nema?"

Waziri ya ce, "Tsoro nake ji a yi mini dariya, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "To, ai an yi. Ka mutu?"

Waziri ya ce, "Ban mutu ba."

Sarki ya sa aka shimfiɗa masa buzu a nan gindin bangon, ya ce a kawo masa tuwo, yunwa yake ji. Masu ba da labari sun ce ranar sai da aka ƙaro akushi, kuma Waziri ya ci nasa da laka a farce, a gaban kowa.